Rigar da Ke Kan Ƙusa

Duk wanda ya taɓa zama a kujerar mai askin nan na bakin layi ya san dariyarsa. Daga ciki take tasowa, ta girgiza masa kafaɗu, sannan ta ƙare da wata 'yar ƙara irin ta ƙyauren da ya daɗe bai ga mai ba. In ta taso masa sai ya ɗaga reza sama tukuna, don kada ya yi wa kunnen mutane ɓarna. Ba kuma abin da ke tayar masa da ita kamar 'yarsa ta fari, wadda kakarta ta laƙaba wa Aku tun tana tatata, saboda ba muryar da za ta ji sau biyu ba ta ɗauke ta ba. Mai tallan gawayi, mai karanta labarai a rediyo, har ita kakar idan tana faɗan an ɗauke mata tabarau alhali yana goshinta, duk suna cikin bakin Aku.

A ajin ƙarshe na sakandare take, jarrabawar fita kuma ta kusa, ƙarshen wata za a fara. A gidan nan kaf ba wanda ya taɓa kaiwa wannan matsayi. Mai aski ya sha gaya wa masu zuwa shagonsa, ko sun tambaya ko ba su tambaya ba, cewa ranar da yarinyar nan ta zauna ta rubuta jarrabawar nan, shi kam ya gama aikinsa a duniya.

Wata Asabar da rana aka ɗauke wuta, ya rufe shago ya dawo gida. An yi yayyafi, don haka Aku ta kwaso rigar makarantarta daga igiya ta rataye a ƙusar da ke bayan ƙofar falo. Uwarta na tsintar shinkafa a tire, kaka na gyangyaɗi, ƙannenta biyu na rigima a kan filo. Sai Aku ta zare tabaran kaka ta ɗora a ƙarshen hanci, ta tura shi da ɗan ƙaramin yatsa, ta yi gyaran murya sau biyu.

"Ɗalibai. Ɗa-li-bai."

Yaran suka saki filo. Shugabar makarantar ce sak, wadda ko iyaye in sun hango ta sai sun gyara tsayuwa. Mai aski ya laluba aljihu ya fito da waya.

"Daga yau, banɗaki a kulle yake sai lokacin hutu. Duk wadda ta matsu, ta riƙe. Riƙewa ma tar-biy-ya ce."

Dariya ta kwashe shi har wayar na rawa a hannunsa. Yana cewa, "Sake, don Allah sake!" Ta sake, har da tafiyar shugabar, hannu a baya, ana duban takalman mutane. Can sai ta cire tabaran, fuskarta ta canza, ta yi magana da muryarta ta ainihi.

"Amma wallahi Baba ba abin dariya ba ne. Ran Laraba wata 'yar aji ɗaya ta roƙa ta roƙa aka hana ta, har ta yi fitsari a kan benci. Aka sa ta goge kowa na kallo."

Wayar ba ta daina ɗauka ba sai bayan wannan maganar. Da yamma ya tura wa amininsa mai gyaran babur, ya rubuta masa a ƙasa: kai kaɗai. Kai kaɗai! Mutum da furfura a gemu, wanda ya yini yana jin yadda magana ke tashi daga kujerar aski ta zagaye gari kafin gashi ya bushe, shi ne ya yarda akwai kai kaɗai a cikin waya.

Ranar Talata da hantsi yana gyara wa wani baƙo ƙeya, mutumin da bai taɓa gani ba, sai ya ji dariyarsa tana fitowa daga cinyar mutumin. Baƙon na kallon waya yana ƙyaƙyatawa.

"Ka ga wannan kuwa? Yarinyar nan ta iya shege. Ko'ina shi ake turawa."

Mai aski ya ce bai gani ba. Ya kashe injin askin ya sake kunnawa ba dalili. Bai gama share gashin baƙon ba ya hango Aku a madubi, tsaye a bakin ƙofa cikin rigar makaranta, rana ko tsaka ba ta yi ba.

"Lafiya?"

"Sun ce kar in dawo sai da kai, ranar Alhamis. Sun ce za su cire sunana daga masu rubuta jarrabawa."

Ya zauna a kujerar da ba ya zama a kanta sai in ba kowa. Ta ce an kira ta daga aji a gaban kowa, an tambaye ta wa ya ɗauka, wa ya sa a waya. Ta ce musu ba ta sani ba. Ba ta dube shi ba da ta faɗi haka, shi ma bai iya duban ta ba.

A gida uwar ba ta yi ihu ba, da ma ta yi da ya fi sauƙi. Ta tura yara waje, ta ja ƙofa, ta ce, "Baban Aku, kai da hannunka. Duk wahalar da yarinyar nan ta sha, karatu da fitilar waya, tafiya a ƙasa cikin ruwa, ka ɗauka ka miƙa wa mai gyaran babur."

"Wasa ne fa. A ɗakina. Ranar Asabar."

"To je ka gaya musu wasa ne."

Washegari Allah ya kawo masa wani lauya da ke zuwa gyaran gemu. Mai aski ya shafa masa kumfa, ya rage murya, ya ba shi labari kamar na 'yar maƙwabci ne. Lauya ya ɗago kai da kumfarsa.

"Ba su da hurumi! Yarinya a gidan ubanta, ba ranar makaranta ba, ba ta zagi kowa ba, ba ta tayar da hankalin aji ba? Tana da 'yancin faɗin abin da ta gani. Ku kai su kotu, ni ina ganin za ku ci."

Zuciyar mai aski ta ɗan daidaita. "Kafin ƙarshen wata?"

Lauya ya yi dariya ta hanci, ya mayar da kai jikin kujera. "Wane ƙarshen wata? A shigar da ƙara, a ɗaga, a sake ɗagawa. Shekara, ko biyu in sun ɗaukaka."

Mai aski ya ci gaba da aikinsa. Ya gane abin da aka gaya masa sarai: gaskiya tana wurinsu, jarrabawa tana wurin shugaba. A ranar sau biyu yana ajiye reza yana goge tafin hannu a wando, abin da bai taɓa yi ba.

Ranar Alhamis ya sa rigarsa mafi kyau. Mai gadin makaranta ya rubuta shigarsu, ya karɓe wayarsa ya jefa a kwali. Suka bi wata doguwar baranda, azuzuwa a dama da hagu, kuma duk tagar da suka wuce sai surutu ya ɗauke, kawuna su juyo. Wata yarinya da ke zuwa gidansu kullum cin abinci ta ga Aku, ta yi saurin sunkuyar da kai cikin littafi. A ƙarshen barandar ya ga ƙofa mai koren fenti da ƙaton kwaɗo a jiki. Bai tambaya ba, warin ya gaya masa.

Aka bar su a benci a ƙofar ofis har ƙafarsa ta yi sanyi. Aku na zaune ta haɗa gwiwoyi, tana murza bakin rigarta. Ya so ya ce mata wani abu, amma duk abin da ya zo bakinsa sai ya ga kamar bangon ma yana saurare.

Mutum huɗu ne a ciki, a bayan dogon tebur. Mataimakin shugaba, wata malama mai kula da tarbiyya, wani matashin malami a can gefe, sai ita shugabar a tsakiya. Ba a ba su kujera ba. Shugabar ta gama rubutun da take yi, ta rufe biro, ta tura tabarau da ɗan ƙaramin yatsa, ta yi gyaran murya sau biyu.

"Malam. Ma-lam."

Innalillahi. Ai bai taɓa jin ta kusa haka ba, kuma yarinyar nan ba ta rage komai ba, har ɗan karkata kan. Ya ji abin ya motsa a cikinsa, wannan la'ananniyar dariya, ta taso tana neman kafaɗunsa a gaban matar da ke riƙe da rayuwar 'yarsa. Tsoro bai kore ta ba, ƙara ingiza ta ya yi. Ya ciji cikin kumatunsa da ƙarfi har ya ɗanɗani jini, ido ya kawo ruwa. Malamar tarbiyya ta ɗauka kuka yake, ta gyaɗa kai alamar haka ake so.

"Ranki ya daɗe," ya ce da ƙyar.

"Za mu fara da kallon abin da ya tara mu."

Mataimaki ya juyo da kwamfuta ya danna. Ga falonsa a gaban baƙi, labulen da ya koɗe, ƙafar kaka a gefe, tiren shinkafa. Ga Aku da tabarau. Sannan dariyarsa ta cika ofishin, har da 'yar ƙarar ƙarshe, da muryarsa tana roƙo a sake. A shago mutane kan biye masa in ya yi ta. A nan ba wanda ko leɓensa ya motsa, suka bar ta ta yi ta yi ita kaɗai har ta ƙare.

"Ɗalibarmu ta ce ba ta san wanda ya ɗauka ba," in ji shugaba.

"Ni ne, ranki ya daɗe." Maganar ta fito da gudu. "Ni na ɗauka, ni na tura. Ita ba ta ma san na tura ba, wallahi ko waya ba ta da ita. In hukunci ne, ni za a yi wa. Duk abin da kuka ce zan yi."

Tun a hanya yake ajiye da wannan maganar a ransa kamar kuɗin guzuri, yana ganin in ya fito da ita komai zai warware.

"Mun sani," ta ce. "Rabin iyayen makarantar nan a wurinka suke aski. Amma kai ba ɗalibinmu ba ne, Malam. Ba mu da abin da za mu yi maka." Ta mayar da ido kan Aku. "Ita ce tamu."

Matashin malamin ya motsa a kujerarsa. "Ranki ya daɗe, in an ba ni dama. Ranar Asabar ce, kuma a ɗakin mahaifinta. Ban sani ba ko dokar makaranta ta kai har can."

Shugaba ba ta ko dube shi ba. Ta jawo kwamfutar, ta mayar da hoton baya, ta tsayar, ta ƙara girmansa. A bayan kafaɗar Aku, a kan ƙusa, ga rigar makaranta tana ɗigar ruwa, tambarin da ke aljihunta ya fito raɗau, ana iya karanta sunan makarantar.

"Da wannan duniya ta gane mu," ta ce. "Duk inda rigarmu take, makarantarmu tana wurin."

Matashin ya duba takalmansa, bai sake ɗagowa ba. Mai aski ya tsaya yana kallon rigar. Shi ya kafa ƙusar nan da hannunsa, don yara su daina jefar da kaya a kan kujera.

Sai mataimaki ya karanto abin da suka yanke tun kafin su shigo. Makaranta mai tausayi ce, in ji shi. Za a bar yarinya ta rubuta jarrabawa idan aka yi sabon hoto a wannan falon, a daidai wurin, tana sanye da rigar. Ta ba shugaba haƙuri. Sannan ta faɗa da bakinta cewa labarin 'yar aji ɗaya ƙarya ne, ita ta ƙirƙira. Wanda ya ɗauki na farko shi zai ɗauki wannan, ya tura inda ya tura wancan, kafin Litinin.

"Amma ba ƙarya ba ne."

Aku ce. Murya can ƙasa, amma kowa ya ji. Mai aski ya damƙi hannunta ya matse.

"Ba ta ce komai ba, ranki ya daɗe. Za mu yi. Mun gode, Allah ya ƙara girma."

Ya yi ta godiya har suka fita da baya. A baranda ya ji kunyar kansa ta rufe shi, amma ko a lokacin tsoron ya fi kunyar yawa.

Ranar Asabar ya kori yara gidan maƙwabta, ya rufe taga. Uwar ta goge rigar, ta ajiye a kan kujera, ta koma kicin ta tsaya a bakin ƙofa. Aku ta ƙi taɓa rigar.

"Baba, da idona na gan ta. Ni na ba ta mayafina ta ɗaura ta tafi gida. Yanzu in fito in ce ƙarya ne? Za ta gani fa. 'Yan ajinsu duk za su gani."

"Na sani."

"To?"

"To me kike so in yi? In kai su kotu? Ki zauna a gida shekara biyu ƙawayenki na jami'a? Ni ba ni da kowa, 'yar nan. Reza gare ni da tsumma. Ki rufa mini asiri ki faɗa, minti ɗaya ne, Allah ya san abin da ke zuciyarki."

Kaka, wadda kowa ya ɗauka barci take, ta ce daga kan tabarma, "Ki faɗa, jikata. Mu ma da muka tsufa haka muka yi ta faɗa."

Aku ta dubi ubanta. Bai taɓa roƙon ta komai ba, in ban da ta sake kwaikwayon wata murya. Ta ɗauki rigar ta shiga ɗaki, ta fito sanye da ita, ta tsaya a gaban ƙofa, ƙusar a saman kanta.

Ya ɗaga wayar, sai hoton ya ƙi tsayawa. Wancan karon dariya ce ta girgiza shi, yanzu hannun ne kawai ke karkarwa, hannun da ke bin maƙogwaron mutane da reza bai taɓa kuskure ba. Suka fara, ya lalace. Suka sake, ya lalace. Daga ƙarshe ya jingina wayar da kofi a kan tebur, ya ɓoye hannuwansa a hammata.

Ta faɗi duk abin da aka ce ta faɗa, ba ta tsallake ko kalma ba. Abin da ya tsorata shi muryar ce. Yarinyar da ke da muryar kowa a bakinta ta yi maganar da wata murya da bai san ta ba, shimfiɗaɗɗiya, ba hawa ba sauka. Ba ta kwaikwayi kowa ba, kuma ba tata ba ce. Da ta zo kan "ni na ƙirƙira", uwarta ta juya ta shige kicin ta buɗe famfo.

Ya tura wa mai gyaran babur. Wannan karon ya rubuta: tura wa kowa.

Shugabannin makaranta sun cika alkawari, ba za a ce ba su cika ba. Aku ta rubuta jarrabawarta tun daga ta farko har ta ƙarshe. Kullum da safe mai aski kan raka ta har ƙofar makaranta, ya tsaya a tsallaken titi sai ya ga mai gadi ya bar ta ta shige, sannan ya wuce shago. Masu zuwa shago suka lura ya rage surutu. In wani ya fara zancen hukuma ko na wani babba, sai ya ƙara ƙarar rediyo.

Ranar da ta gama, uwar ta wanke rigar ta ninke ta sa a ƙasan akwati. Da yamma suna zaune a falo bayan an ci abinci, kaka ta fara laluben tabaranta tana zargin yara, ga shi kuwa a goshinta. Ƙannen suka dubi Aku suna jira. Shi ma ya dube ta. Gidan ya yi masa shiru da yawa a 'yan makonnin nan, har ba ya son dawowa da wuri.

Ya tashi ya sa wayarsa a aljihun tebur ya tura, ya nuna mata hannuwansa wayam.

"An gama ai. Ɗan yi mana kaka, ko sau ɗaya."

Aku ta ɗaga kai ta dubi bayan ƙofa. Ba komai a kan ƙusar. Ta daɗe tana kallon wurin duk da haka, sannan ta ce a hankali, yadda na waje ba zai ji ba, "Ba su ba mu takardar shaida ba tukuna, Baba. Ita shugabar ce za ta sa hannu."

Ya buɗe baki zai ce mata ai nan gida ne, ba mai ji. Sai ya ga tagar falon a rufe, an sa sakata, ga zafi kowa na gumi. Shi ya rufe ta da kansa kafin ya roƙi Aku, bai ma san ya yi ba.